Maigida ya sayo mota mai kujera biyu, mu kuwa mu shida ne a gidan

Ga saƙon da ya iso mini a wannan mako, na ɗan rage masa tsawo:

"Assalamu alaikum Baba. Ni matar aure ce a nan Damagaram, shekararmu 19 da aure, 'ya'yanmu huɗu, babban yana da shekara 17. Maigidana ɗan kasuwa ne, mutumin kirki, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Wata uku da suka wuce sai ga shi da wata 'yar jar mota, Mazda MX-5 ƙirar 2008, kujera biyu tak, rufinta kamar tamfol ana naɗe shi baya. Daga baya na ji a bakin ƙanwarsa cewa filin da ke hanyar Mirriya, wanda kullum yake cewa na yara ne, shi ya sayar ya saye ta miliyan huɗu. Tsohuwar Corolla ɗinmu tana nan. Duk Lahadi sai ya sayi jarka huɗu wajen ɗan ga-ruwa ya wanke ta da hannunsa. Matan unguwa suna cewa in shirya, amarya na tafe. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce ba zan gane ba. Tun ranar ban sake yi masa maganar ba, ban kuma taɓa shiga motar ba. In kai ƙararsa wajen yayansa ne, ko in tafi gidanmu sai ya sayar da ita?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya bar ku tare, ya raya zuri'a.

Da na zo wajen jarka huɗun nan sai da na yi dariya ni kaɗai, don duk wanda ya san yadda ake jiran famfo a garin nan tsakar dare, ya san ruwan da muke sha daga Gogo da Arunguza ake turo shi, ya san abin da kike ji in kin ga ana kwarara shi a kan ƙarfe. Da na koma kan maganar fili kuwa dariyar ta tsaya. Kin ɗaure mini abu biyu da igiya ɗaya, mota da fili, kuma ɓacin ranki yana ta kai da komo a tsakaninsu. Bari mu kwance su. Zan fara da motar, don ya ce ba za ki gane ba, ni kuma ban yarda ba. Macen da ta tashi a garin da ake hawan salla ta riga ta gane rabin maganar tun kafin a fara.

Na yi shekara fiye da talatin a gareji kafin gwiwa ta ce a zauna. A duk tsawon nan sau ɗaya irin wannan mota ta shigo hannuna, ta wani Bature ce da ya yi aiki a nan, aka kawo a duba mata birki. Yaran gareji suka kewaye ta suna cewa motar wasan yara ce. Da na gama na ce bari in ɗan zaga da ita in ji birkin. Shiga kawai sai da na yi dabara, don kujerar tana ƙasa-ƙasa, kamar mutum ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa. Sandar giya gajeruwa, tafin hannu ya rufe ta, da wuyan hannu kaɗai ake sa ta, ka ji ta faɗa wurinta ƙwas kamar an rufe kwado. Na fita da ita kan kwalta, na zo kwanar farko, na ɗan karkata sitiyari, kafin in gama tunanin juyawa ta riga ta juya. Ni da na saba da manyan motocin da sai ka roƙe su kafin su bi ka. Zagayen da ya kamata ya ɗauki minti biyar ya kai ni rabin awa, na dawo ina ta kame-kamen cewa birkin ne nake saurare. Ubangidana ya dube ni ya ce in ba da makulli. Yau shekaru da yawa ke nan, ban manta ba. Saboda haka ki san wanda kike tambaya: ni ma ban tsira daga ciwon ba, kuɗin ne kawai Allah bai ba ni ba.

Motar nan tana da asali, kuma asalin nata shi ne amsar tambayar da kika yi masa. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta yi suna wajen ƙera 'yan ƙananan motoci masu kujera biyu marasa rufi, irin su MG da Triumph da Lotus Elan. Ana son su ƙwarai, sai dai ba su da amana: yau yoyon baƙin mai, gobe wuta ta ɗauke, ruwan sama kuma ya same ka har cikin kujera. Zuwa 1980 an daina ƙera MGB da Triumph Spitfire, kasuwar ta mutu. A 1979 wani ɗan jaridar motoci ɗan Amurka mai suna Bob Hall ya zauna da Kenichi Yamamoto, shugaban sashen bincike na kamfanin Mazda a Hiroshima. Aka tambayi Hall wace irin mota ya kamata su yi nan gaba, ya ce su dawo da waccan ƙaramar mota ta Ingila, mai araha, wadda iska ke bugun mutum a ciki, amma su yi ta da aikin Japan, ta tashi duk safiya. Shekara goma aka yi kafin abin ya tabbata. A watan Fabrairun 1989 aka nuna ta a bajekolin motoci na Shikago, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. A 2000 ta shiga kundin Guinness a matsayin motar wasa, wato ta tuƙin nishaɗi, mai kujera biyu da aka fi saye a duniya, a watan Afrilun 2016 kuma aka ƙera ta miliyan ɗaya. Ta maigidanki tana cikin zubi na uku, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2015. Ina gaya miki wannan ne don ki san ba shi kaɗai ba ne, mutum sama da miliyan ne suka yi abin da ya yi, kuma da yawansu magidanta ne masu furfura irinsa.

Injiniyoyin da suka ƙera ta suna da wata kalma da suke aiki da ita, jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama jiki ɗaya. Sun ɗauko ta ne daga tsohuwar al'adar maharbansu da ke sakin linzami su harba kibiya doki na sukuwa. To 'yata, nan ne nake cewa kin riga kin gane. Ki tuna mai doki a Birni. Dokin nan ba ya ɗaukar buhun gero zuwa kasuwar Dole, wannan aikin jaki ne da amalanke. Ba ya kai yara makaranta. Kullum sai an ba shi harawa da dawa da kanwa, a wanke shi, a share masa turke, kuma duk shekara kwana nawa ne ake yi masa ado a hau shi a gaban fadar Sarkin Damagaram? In aka bi lissafi, asara ce tsantsa. Amma ban taɓa jin an tsare mai doki an ce ya faɗi amfaninsa ba. Kowa ya san abin da yake samu in ya ɗora ƙafa a likkafa, dabbar ta ji nufinsa ta gwiwa kafin ya ja linzami. Corolla ɗinku jaki ce, Allah ya yi mata albarka, ita ke riƙe da gidan. Wannan ja ɗin doki ya saya.

Mutane suna zaton masu sayen irinta gudu suke nema. Da gudu ne da ba ita za su saya ba. Injinta, in babban ne, lita 2 ne mai ƙarfin doki 160, ƙaramin kuma lita 1.8. V8 ɗin da manya ke shiga ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai waccan ta haura tan biyu da rabi, wannan kuwa kaɗan ta ɗara tan ɗaya. Sirrin yana wajen rashin nauyin, da yadda aka raba shi. An tura injin baya-baya, nauyi ya zauna kusan daidai tsakanin tayun gaba da na baya. Tayun baya ne ke tura motar, na gaba aikinsu juyawa kawai, ba kamar Corolla ba da tayun gaba ke ja suna kuma juyawa. Shi ya sa sitiyarin ke gaya wa hannu duk abin da ke ƙarƙashin taya, tsakuwa ce ko yashi. Ga mutum yana zaune dab da ƙasa, ga iska, ga ƙarar inji a kunne, sai ya zama yana tafiyar kilomita 70 yana jin kamar yana 120. Masu son mota suna yabon ta a kan wannan: tana ba ka daɗin tuƙi ba sai ka kai gudun da zai kashe ka ba. Sannan a cikin motocin wasa ita ce ta talaka. Wanda ke mafarkin mai tsada irin Porsche ya duba aljihunsa, nan yake sauka.

Akwai kuma abin da ba ya cikin inji. Ki tambayi surukarki ko yayyensa mata, ina kyautata zaton za su ce miki tun yana yaro shi ne mai ƙera motar kara da ta gwangwani, yana jan ta da zare a lungu yana yi mata kukan inji da baki. Irin waɗannan yara suna girma, su yi aure, su shiga kasuwa, shekara ashirin duk abin da suka saya na wani ne: buhun shinkafa, kuɗin makaranta, maganin tsohuwa, ragon layya, gudummawar bikin ƙanwa. Ba sa ƙorafi, haka ake so. Sai wata rana mutum ya ga furfura a gemu, ya ga an fara kai sa'o'insa makwanci, ya ce shin ni yaushe zan sayi abu ɗaya da ba shi da wani dalili sai don ina so? Wani ya sayi doki, wani ya tara tantabaru, wani ya ƙara aure. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da ya ce ba za ki gane ba, ina jin kunya ce ta hana shi faɗa, don da nauyi magidanci mai 'ya'ya huɗu ya buɗe baki ya ce wa matarsa abin wasa ya saya wa kansa. Ban ce babu son a gani a ciki ba, akwai, ɗan Adam ne. Amma mai neman a ce masa ranka ya daɗe a garin nan babbar mota mai baƙin gilashi yake saye. Wannan tasa dariya ma ake yi masa a wasu fadodin ana shan shayi, ya kuma sani.

Maganar matan unguwa kuwa, ban san zuciyarsa ba, ba zan rantse miki ba. Sai dai ki yi tunani: mutumin da ke son zuwa zance a ɓoye zai sayi jar mota marar rufi, wadda da wuya a sami ta biyunta a duk Damagaram? Duk ɗan kabu-kabu daga Zango har Garin Malam ya san ta. In ya tsaya a ƙofar wani gida minti goma, kafin ya tayar da inji labari ya riga shi isowa wajenki. Wata uku ke nan, da akwai wani abu da kin ji da suna da unguwa. Wanda ke neman aure ba ya ɓata Lahadinsa a tsugune yana goge taya da tsumma. In ma auren yake nufi, da kuɗin filin lefe ya tafi. Masu cewa ki shirya, ki ce musu kin gode, ki ja bakinki.

Yanzu in cire hular mai son mota in sa ta bakanike, don akwai abubuwan da ya kamata ki sani, ko don ki iya magana da shi da hujja. Motar nan ba don ƙasarmu aka yi ta ba. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 15 ba, Hilux kuwa ta haura 20. Duk tudun rage gudu sai ya hau shi a karkace yana addu'a, lungu mai yashi ba ta shiga, da damina kuma in ruwa ya kwanta a hanya sai dai ta zauna a gida. Rufin nan da ake saye ta dominsa, wata nawa zai more shi? A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, wanda ya buɗe rufi da rana ƙwaƙwalwarsa zai dafa. Da hunturu ga ƙura. Abin da ya rage masa shi ne sanyin safiya da bayan la'asar, sai 'yan makonnin kaka. Rana kuma tana cin rufin, in ba a inuwa take kwana tana wuni ba, zai bushe ya tsage, kuma ba abin da za a samu a kasuwar garin nan ba ne. But ɗinta lita 150 ne, buhu ɗaya ya cika shi. Abin da ya fi damuna, wannan zubin ba ya zuwa da tayar safaya, 'yar robar gam da famfon iska kawai ake sa masa. In taya ta fashe masa a hanyar Tanut, sai ya jira mai taimako.

Ta wani gefen kuma ya yi sa'a. Injin dangin wanda ke cikin Mazda 3 da Mazda 6 ne da wasu motocin Ford, saboda haka ƙananan kaya irin su fulogi ba za su gagara ba, in ba a samu a nan ba Kano na nan, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka. Sarƙa ce ke riƙe da taimin injin, ba bel ba, an huta da wannan. Kayan jiki ne matsala: fitila, gilashi, bamba, rufi, waɗannan sai an yi oda an jira, ga shi tun 2023 hanyar Kwatano ta rikice, kaya sai sun zagayo. Abubuwa huɗu zai riƙa dubawa. Baƙin mai, don injin nan ba ya yafe wa wanda ya bar shi ya yi ƙasa. Robar ruwan lagireto, tana tsufa ta tsage, a zafinmu kuwa in ruwa ya zube inji ya tafi. Ramukan da ruwan rufi ke bi ya fita a bayan kujeru, ƙura na toshe su, ruwan farko na damina ya taru a cikin mota. Sai tsatsa a ƙarƙashi, don in daga Turai ta fito ta sha gishirin da suke zuba wa hanya lokacin ƙanƙara. A ɗaga ta a leƙa. Kuma ya raba ta da man kwalba na bakin hanya, ya riƙa sha a gidan mai. Wankin ma, bokiti biyu da tsumma mai laushi sun isa, sauran jarka biyun a kai madafa. Wannan ki ce ni na ce.

To, mu zo kan fili, don nan ne ciwon yake.

Dukiyarsa ce, wannan gaskiya ne. In ya ciyar, ya tufatar, ya ba ku wurin zama, ya biya makaranta, shari'a ba ta hana shi sayen abin da ransa ke so da abin da ya rage ba. Da ribar kasuwa ya tara ya saya, da sai in ce ki yi masa Allah ya sa alheri, a wuce wurin. Amma fili ne da ya ɗora wa suna. Shekara da shekaru yana cewa na yara ne, ke kuma kin gina lissafinki a kai, wataƙila kin haƙura da abubuwa da dama saboda kin san akwai shi. Alkawari kaya ne, ko ba a rubuta ba. Ya sauke shi bai gaya miki ba, ya bar ki kika ji a bakin ƙanwarsa. Wannan bai kyauta ba, kuma duk daɗin da na faɗa a kan motar bai wanke shi ba. Ta fuskar kasuwa ma, shi da yake ɗan kasuwa ya fi ni sani: fili a bakin gari yana kwance yana ƙara daraja, mota mai shekara goma sha kuwa kullum safiya raguwa take.

Na san dalilin ɓoyewar don na taɓa yi. Shekarun baya na karɓi kuɗin da muka ce na rufin ɗaki ne na sayi wani tsohon babur da na daɗe ina kallo, na kai shi gareji na ajiye, sati uku ina fasa faɗa. Ba raina uwargida na yi ba, tsoro ne. Na san in na yi shawara za ta kawo hujjar da ba ni da amsarta, ni kuma ina so. Ranar da ta gano, ba ta ce komai a kan babur ba. Cewa ta yi, ashe akwai abin da za ka so har haka ban sani ba? Wannan tambaya ta fi zagi zafi. Damina ta zo ta same mu da yoyo, ni na riƙa tashi da dare ina jera kwanoni.

Saboda haka ga amsar tambayoyinki biyu. Yaji, a'a. In kin tafi gida kin ce sai ya sayar, kin mayar da maganar ta zama ke ko mota, alhali ba nan take ba. In ya sayar don dole, zai riƙe abin a ransa har tsufa, kuma zai faɗi, don masu sayen mota mai kujera biyu a garin nan ba su cika hannu ba, wanda ya zo ma zai taya ta ne da sanin an matsu. Filin ba zai dawo da wannan kuɗi ba. In kuma ya ƙi sayarwa, kin fita ke nan ba ki da hanyar dawowa da mutunci. Kai ƙara wajen yayansa ma bai yi lokaci ba. Ke da shi ba ku yi maganar ba tukuna, tambaya ɗaya kika yi, ya ba ki amsar banza, kuka yi shiru wata uku. Ki ajiye yayan a hannu. In kun zauna sau biyu ya ƙi saurare, ko kika gano akwai bashi a kan motar, ko aka fara taɓa kuɗin makaranta da cefane don gyaranta, to a lokacin ki je, kuma ki je da maganar fili da haƙƙin yara, kada ki je da maganar jar mota, don dariya za a yi a sallame ki da haƙuri.

In kun zauna, kada ki fara da me ya sa ka saya. Ya riga ya shirya wa wannan garkuwa. Ki ce masa kin ji zafin jin labarin filin a waje, kina so ki ji daga bakinsa. Ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, ko da zai yi ta kewaye-kewaye. Sannan ki nemi abu a fili: a mayar wa yara gurbin abin da aka ɗauka. Ba lalle yau ba. Ya yanke abin da zai riƙa warewa duk wata, ko ya shiga adashi da sunan wannan, a sa lokaci, in an sayi wani filin a yi takarda da sunan yaran, takardar kuma ta zauna a akwatinki. Ki tambaye shi ko miliyan huɗun duka motar ta cinye, da kuɗin duwan, wato kwastan, da takardu, ko akwai saura. In akwai, shi ne tubalin farko. Kuɗin mai da gyaran motar kuma su fito daga aljihunsa na kansa, kada su shafi tukunya. Mutumin da kika ce bai taɓa barin ku da yunwa ba, ina sa ran zai karɓi wannan, wataƙila ma da sauƙin rai, don wata ukun nan shi ma ba barci mai daɗi yake yi ba.

Abu ɗaya ne ba na so ki sassauta a kai ko kaɗan, shi ne babban ɗanku. Shekara 17, ga jar mota a gida, ga abokai. Motar da tayun baya ke turawa, in aka taka mata wuta a kwana, kan kwaltar da iska ta watsa wa yashi, bayanta ne ke zamewa ya wuce gaba, wanda bai saba ba kafin ya ankara ya juya ya fuskanci inda ya fito. Makulli ya zauna a aljihun uban, kada a rataye shi a ƙusa. Haka kuma kada a ba da aron ta rakiyar amarya. Za a zo roƙo, dangi ne za su zo, kuma kin san wasan da samari ke yi da mota a ranar biki. Wannan ku haɗa baki ku biyu ku ce a'a tun yanzu. In yaron ya kai shekaru ya yi lasisi, uban ya koya masa da kansa yana zaune a gefe.

Saura kujera ta biyu. Kin ce ba ki taɓa shiga ba, kuma na fahimta, shiga kamar amincewa ce da abin da aka yi miki. Amma ki duba, wata uku yana fita shi kaɗai da kujera a gefensa babu kowa, kuma ina zargin tun ranar da ya kawo ta yake jiran ki ce a ɗan zaga da ke, girman kai ya hana shi tayi. Tun da aka haifi na farin, sau nawa kuka yi tafiyar rabin awa ku biyu, ba yaro a baya, ba ɗan rakiya, ba wanda aka rage wa hanya? A wannan motar ko an so ɗaukar wani babu wuri.

Ranar Lahadi mai zuwa, in ya gama wankin, ki ce masa bayan la'asar ya kai ki Mirriya ki sayo kayan lambu. Kilomita 18 ne. Ki ce ya buɗe rufin, maɓalli ɗaya ne a tsakiya, da hannu ɗaya ake tura shi baya. Ki sa ido a kan hannunsa da fuskarsa in ya zo kwana, za ki ga wani mutum da rabonki da shi tun kuna amarci. Hanyar za ta bi da ku ta wajen filin, shi ma ya san haka, kada ki ce komai, ki bar shi da kallonsa. Maganar ki ajiye ta sai kun dawo, yara sun kwanta. Ki ɗaura ɗankwali da kyau ki riƙe bakin mayafi, iskar tana fizgewa, kuma kada ki sayi kabewa babba, but ɗin ba zai rufu ba.